Tattakin Rana Ɗaya Ba Ya Hana Ciwon Suga

Ranar Ciwon Suga ta Duniya ta 14 ga Nuwamba, 2025 ta mayar da hankali ne kan wuraren aiki. Amma mun san yadda ake karɓar irin wannan kira a ƙasar nan. A buga riguna da huluna, a yi tattaki da safe, likita ya yi lacca, a ɗauki hoto, a watse sai baɗi. Abin da ke ƙarƙashin wannan al'ada shi ne ra'ayin da ya zauna wa shugabannin ma'aikatu daram a zuciya, wai ciwon suga laifin mai shi ne, kwaɗayi da son jiki suka jawo masa, don haka iyakar haƙƙinsa a kanmu shi ne mu wayar masa da kai. Wannan ra'ayi zalunci ne, kuma yana ci mana mutane.

Kafin ciwon ya kama mutum sosai, akwai shekarun da sugan jininsa ke hawa bai sani ba. Idan aka gwada shi da safe kafin ya karya, aka samu tsakanin 100 zuwa 125, to yana bakin gaɓa. A nan ne ake iya ceto shi, kuma an daɗe da sanin hanyar. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutane sama da 3,000 masu irin wannan hali. Waɗanda aka sa a tsarin sauya abinci da motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, waɗanda aka ba ƙwayar metformin kuwa da kashi 31. A Finland ma an samu kashi 58 ɗin a 2001. Amma a duba yadda aka yi aikin a Amurka: darasi 16 cikin kusan wata shida, kowa da mai bibiyarsa, tafiya ta minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki. Wace ma'aikata ce a Kano ta taɓa ware wa ma'aikacinta ko da rabin sa'a a cikin lokacin aiki don wannan?

Kuma da an ce wurin aiki, sai hankalin jami'ai ya tafi sakatariya da bankuna. Su zo Ƙofar Mazugal su ga inda Kanawa ke aiki. Tela ya hau keke tun hantsi, ba ya sauka sai salla. Direban a-daidaita-sahu yana zaune daga asuba zuwa isha, abincinsa shayi mai cokali uku na suga da burodi, da rana taliya da lemon kwalba mai sanyi. Mahautan Abbatuwa da 'yan tireda da masu shaguna, duk ma'aikata ne, kuma duk suna da ƙungiyoyi masu shugabanni da kuɗin shiga. Ƙungiyar da ke iya karɓar kuɗin tikiti kullum ba ta da hujjar kasa sayen na'urar gwajin suga da sikeli, ta ɗauko malamin asibiti ya riƙa zuwa duk mako.

Za a ce talauci ne, mai albashin naira 71,000 ba ya zaɓen abinci. Wannan magana ta masu neman hanyar zillewa ce. Wake da zogale da rama da tuwon dawa ba su fi lemon kwalba tsada ba. Za a ce lokacin aiki na aiki ne. To wanda aka yanke wa ƙafa, ko yake bin layin wankin ƙoda sau biyu a mako, wane aiki yake yi wa ubangidansa? Gwamnatin tarayya tana karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi tun 2022. A nuna mana ko kwabo nawa ne ya dawo wurin rigakafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu ce wa mutane su riƙa tafiya a ƙasa. A ina? Gwamnatoci sun zo sun wuce suna yanka filaye suna rabawa. An cinye badala, an cike kududdufai an yi shaguna, an kewaye filayen makarantu da kantuna, gefen titi ya zama wurin kasa kaya. Dattijon da ya ce zai taka daga Ƙofar Mazugal zuwa kasuwar Kurmi, rabin tafiyar kauce wa babura yake yi. Matar da ke saƙa ko ɗinki a cikin gida kuwa, ba a ma sa ta a lissafi ba. Waɗanda suka toshe wa birni hanyar numfashi ba su da bakin zargin mutanensa da lalaci.

Don haka a daina yaudarar ma'aikata da hula da riga. Duk mai ɗaukar mutane aiki ya gwada su sau ɗaya a shekara da kuɗinsa, ya rufa musu asirin sakamakon, kada ya zama dalilin kora. Wanda aka samu a bakin gaɓa a sa shi a tsari na watanni, cikin lokacin aiki, da mai bibiyarsa. Ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa su sa wannan a cikin buƙatunsu kamar yadda suke sa ƙarin albashi, gwamnatin Kano kuma ta fara da nata ma'aikatan.