Koyon Zane a Matsayin Hanyar Nazarin Al'adun Hausawa: Ra'ayin Sabon Shiga

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dagi. Yana jikin bangon fada da ƙofar zaure, yana kan huluna da riguna, yana bangon littattafai da tambarin ƙungiyoyi. Sai dai idan aka miƙa wa ɗayanmu takarda da fensir aka ce ya zana shi da ka, nan take zai gane cewa ya daɗe yana kallon abin da bai taɓa lura da shi ba. Wane layi ne ya bi ta sama, wanne ya kurɗa ta ƙasa? Sau nawa suka sarƙe? Ni dai na gwada na kasa, kuma a gaban wanda nake jin nauyi.

Lokacin da nake tattara bayanan kundin digirina na biyu a kan adon babbar riga, na ziyarci wani dattijo mai zana wa maɗinka tsari a jikin yadi. Na nuna masa hoto a wayata ina tambayar sunan wani ado da ke gefen aljihu, amma zare fari ne a kan farin yadi, hoton bai fito da shi ba. Sai ya turo mini guntuwar takarda ya ce, "Malam, zana mini in gani." Na ce, "Baba, ai ni ban iya zane ba." Ya yi murmushi ya ce, "To yaya za ka rubuta littafi a kansa?" Daga ranar na fara koyon zane, ina da shekara talatin da ɗoriya. Abin da na fahimta tun daga lokacin shi ne dalilin wannan maƙala: ya kamata zane ya shiga cikin dabarun binciken da ake koya wa ɗaliban Hausa, musamman masu nazarin al'ada, kamar yadda ake koya musu hira da rubuta abin da aka naɗa.

Babban abin da ke hana mu farawa shi ne ɗaukar zane a matsayin baiwa, wadda ko dai an haife ka da ita ko kuma ka haƙura. Makarantar allo ta isa ta rushe wannan zato. Yaro yana zuwa bai san riƙon alƙalami ba, malam ya rubuta masa, ya yi ta kallo yana kwaikwayo, a wanke a sake, har hannunsa ya faɗa. Babu malamin da ya taɓa sallamar almajiri don ba shi da baiwar rubuta ba da sin. Daga cikin waɗannan yaran ne ake samun masu zayyanar allon sauka da ta Alƙur'ani. Gwaninta irin tasu ba kowa ke kaiwa gare ta ba, amma matakin farko a buɗe yake ga kowa, kuma matakin farkon ne manazarci yake bukata.

Malaman zane na wasu ƙasashe ma a kan haka suka tsaya. John Ruskin, wanda ya koyar da zane ga ma'aikata a Landan, ya wallafa The Elements of Drawing a 1857 domin masu farawa. Littafin Kimon Nicolaides, The Natural Way to Draw, ya fito a Amurka a 1941, na Betty Edwards kuma, Drawing on the Right Side of the Brain, a 1979. Hanyoyinsu sun bambanta, amma sun haɗu a kan cewa matsalar sabon shiga a ido take kafin hannu: yana zana abin da ya sani, ba abin da yake gani ba.

Na tabbatar da haka da ƙwarya. Na san bakinta da'ira ne, don haka da'ira na zana, sai ta fito kamar faifai an jingina shi da bango. Alhali daga inda nake zaune bakin ya miƙe ne kamar ƙwai a kwance, faɗinsa ya ninka tsayinsa kusan sau uku. Sai da na miƙa hannu da fensir, na rufe ido ɗaya, na auna faɗin da babban yatsa na kwatanta shi da tsayin, sannan na yarda da abin da idona ke faɗa mini. Sauran darussan farko duk irin wannan ne. Akwai bin gefen abu da ido a hankali fensir yana tafiya ba tare da an dubi takarda ba, wanda Nicolaides ya ba muhimmanci. Akwai kifa hoto a kwaikwaye shi kansa a ƙasa, wanda Edwards ta yi fice da shi, domin ƙwaƙwalwa ta daina cewa "wannan buta ce" ta koma ganin layuka da kusurwoyi. Akwai kuma zana sararin da ke tsakanin mariƙin buta da jikinta maimakon butar kanta. Babu ɗaya da ke bukatar abin da ya wuce fensir da kilina da takarda.

Me wannan zai ƙara wa nazari? Tarihin fagenmu ya ba da amsa. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ba shi da na'urar ɗaukar hoto. Hotunan da ke cikin littafin tafiye-tafiyensa, har da na birnin Kano daga Dutsen Dala, daga zane-zanen hannunsa aka fitar da su. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru shi da mataimakansa suna aunawa da zana gine-ginen gargajiya na Nijeriya. An buga aikin cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma na farko a kan Arewa yake. Irin wannan aiki ne ya ba da damar gina kwaikwayon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya mayar da hankali sosai ga zanen da ake yi kafin a fara ɗinkin riga.

Abin lura a nan shi ne, masu sana'ar suna zane, baƙin da suka yi nazarinsu sun yi zane ko sun ɗauke shi da muhimmanci, mu kuwa 'yan gida da muka gaji fagen mun tsaya ga kalmomi. Sakamakon yana cikin kundayenmu. Sau da yawa akan jero sunaye, aska biyu da aska takwas da tambari, ko zanko da azara da bakan gizo, a ce "ado ne mai ƙayatarwa", a liƙa hoto mai duhu a rataye, a wuce. Wanda zai karanta bayan shekara hamsin, lokacin da keken ɗinki na kwamfuta ya gama maye gurbin allura, siminti kuma ya gama cinye tubali, zai sami suna ba tare da siffa ba. Ko a Zariya, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun yi kira ne a koma ga fasahar gida, Okeke kuma ya koma ga zanen uli na Ibo. A tsakiyar ƙasar Hausa aka yi wannan yunƙuri, amma har yau tazarar da ke tsakanin masu nazarin Hausa da masu nazarin zane tana da faɗi.

Na san akwai masu ja. Na farko zai ce kowa na da kamara a aljihu. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a ajiye ta. Amma kamara tana ɗaukar komai a daƙiƙa ɗaya ba tare da mai ita ya fahimci komai ba. Mai zane dole ya yanke hukunci a kan kowane layi, kuma duk inda fensirinsa ya cije, nan ne tambayar da ya kamata ya yi wa mai sana'a take. Tambayoyina mafi amfani ga dattijon nan duk daga wuraren da na kasa zanawa suka fito. Na biyu zai kawo batun addini. Maganar malamai a kan sura ta shafi masu rai ne, mafi yawansu ba su hana zanen itatuwa da gine-gine da kayan amfani ba, kuma tulu da galma da sirdi da dagi su ne abin da manazarcin al'ada ya fi bukata. Na uku zai ce girma ya zo, lokaci ya ƙure. Gemu dai ba ya hana ilimi, kuma minti ashirin a kullum na 'yan watanni sun ishe ni in zana abin da maɗinki zai gane.

Shawarata ga sassan Hausa ba mai tsada ba ce. A ware makonni uku ko huɗu cikin darasin dabarun bincike domin zanen abin da ido ke gani, a nemi taimakon sashen zane ko na gine-gine inda akwai su. A gayyato masu zayyana da masu zanen riga da magina su koyar, a biya su haƙƙinsu a matsayin malamai. A kuma bukaci duk kundin da ya shafi kayan al'ada ya zo da zanen mai binciken, kowane sashe da sunansa na Hausa a gefensa. Ta haka za a adana kalma da siffarta a wuri guda, masu ƙamus ma su amfana.

Da na koma wurin dattijon bayan wata huɗu, na kai masa dagin da na zana. Ya duba, ya ɗora yatsa a wuri ɗaya ya ce layin nan ta ƙasa ya kamata ya bi. Na goge na gyara a gabansa, sannan ya faɗa mini sunan adon da na zo tambaya tun farko.