WANKIN ƘUNZUGUN JARIRI AIKIN GIDA DUKA NE

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a mujallarmu in yi magana a kan wani abu wanda ba safai a kan kawo shi a taron shawara ba, watau ƙunzugun jariri na zane, wanda yawancin mata su ke kira nafkin, da yadda ya kamata a wanke shi. Na sani waɗansu abokaina za su yi dariya, su ce me ya haɗa mai koyon aikin malanta da tsumman jariri? To, 'yan'uwana, nan da shekara kaɗan yawancinmu za mu zama iyaye, kuma tun kafin wannan za a sa mu gaban aji mu koyar da tsabta. Malamin da ya san sunayen ƙwayoyin cuta a littafi, amma bai san inda za a zubar da ruwan wankin nafkin a gidansa ba, karatunsa bai kai gida ba tukuna.

Ra'ayina shi ne, nafkin na zane ya fi dacewa da yawancin gidajenmu, in dai an wanke shi yadda ya kamata, kuma wankin nan ya fi ƙarfin maijego ita kaɗai.

Mu fara da ƙunzugun takarda da roba wanda a ke yarwa bayan an yi amfani da shi sau ɗaya. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da Pampers a shekarar 1961, ga shi yau sunan ya zama famfas a bakin kowa, har a ƙauye. Mutane da yawa sun ɗauke shi alamar wayewa, suna ganin mai shanya nafkin a igiya talauci ne ya kama ta. Amma mu yi lissafi irin na 'yan aji uku. Sabon jariri ya kan ɓata ƙunzugu sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Ko mun ɗauki 8, a wata guda ya zama 240. Albashin ƙaramin malami nawa ne da zai ɗauki wannan kowane wata, ga abinci, ga kuɗin haya? Abin da ya kan faru shi ne, uwa ta sayi guda biyu ko uku, ta bar ɗaya a jikin yaro tun safe har la'asar domin kada ya ƙare. Sai zafi da fitsari su dafa fatar yaron. Nafkin na zane kuwa, dozin biyu sun isa, sau ɗaya a ke saye, in an kula da su har ƙanen yaron ya gaje su.

Sa'an nan ina a ke kai famfas ɗin da aka cire? Ku duba lambatu da bola a garuruwanmu. Robar da ke jikinsa ba ta ruɓewa da sauri, ta kan toshe hanyar ruwa da damina, karnuka da aladu da kaji su kan barbaza abin da ke ciki har bakin ƙofa. Ban ce ba shi da amfani ko kaɗan ba. Ranar tafiya mai nisa a mota, ko kwanan asibiti, ko lokacin da ruwa ya yanke sarai, ya kan yi rana. Amma na kullum a gida, zane ya fi.

Sai dai akwai wata magana wadda tilas mu kawar tukuna. A wurare da yawa a kan ce kashin jariri ba ƙazanta ba ne, gama nono kaɗai ya ke sha. Saboda wannan sai ka ga an ɗauraye nafkin a kwanon da a ke wanke tasoshi, ko a bakin rijiya, a watsa ruwan a tsakar gida inda yayyensa su ke rarrafe. Wannan kuskure ne mai kisa. Ƙwayar cutar rota, wadda ta ke sa ƙananan yara gudawa da amai har ruwan jikinsu ya ƙare, ta cikin kashi ta ke fita, ta hannu da ruwa kuma ta ke shiga bakin wani. Haka shan inna, haka kwalara. Gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasarmu. A shekarar 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Gaskiya ne an sami ci gaba, gama a 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka, a 2022 kuma aka sa maganin rigakafin rota cikin waɗanda a ke ba jarirai a asibitocinmu. Amma rigakafin asibiti bai ɗauke mana wanke hannu da tsabtar tsakar gida ba.

To, yaya a ke wankin? Da fari a tanadi bokiti guda mai murfi da daro guda, a keɓe su domin nafkin kaɗai, kada su taɓa shiga ɗakin girki. Da an cire nafkin mai kashi, sai a kakkaɓe ko a kankare kashin cikin masai nan take, a ɗauraye da ruwan sanyi, a zuba ruwan ɗaurayar cikin masai shi ma. Ruwan sanyi na ce, domin ruwan zafi ya kan kama tabon ya zauna a zanen. Daga nan a sa shi a bokiti a rufe saboda ƙudaje. A ajiye bokitin inda yaro mai tatata ba zai kai ba, gama ƙaramin yaro ya kan faɗa da ka cikin bokiti, ruwa kaɗan ya halaka shi. Kada nafkin ya kwana biyu a bokiti. A ƙasa mai zafi irin tamu, wanki kullum ya fi.

A wanke da sabulu da ruwan zafi, a cuɗa sosai. Masu injin wanki su sa shi a digiri 60. Wanda ba shi da inji, tukunya ta ishe shi: farin nafkin na auduga ya kan jure tafasa, minti 10 sun isa. A tafasa lalle idan yaron yana gudawa ko ƙuraje sun fito masa. Irin na zamani masu roba da maɓalli a jiki kuwa ba a tafasa su, domin robar ta kan lalace.

Inda mata da yawa su ke gazawa shi ne ɗauraya. Garin sabulun da ya saura a zare ya kan ci fatar jariri kamar yadda fitsari ya ke ci. A ɗauraye sau uku, ko har ruwan ya fita garau babu kumfa. Kada a sa sitaci, kada a sa bula, kada a sa ruwan ƙanshin nan mai tausasa tufafi, gama shi ya kan rufe zaren har ya kasa shan ruwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfin wari, in an zuba shi da yawa, ya kan ƙone fata. Ruwan bilic kuwa sai kaɗan, jefi jefi, bayan an riga an ɗauraye fitsarin, a kuma ɗauraye shi ƙwarai daga baya. Sabon nafkin daga kanti a wanke shi sau biyu ko uku kafin a ɗaura wa yaro, domin sai ya sha wanki ya ke shan ruwa da kyau.

Shanya ma tana da ka'ida. Rana kyauta ce, tana faranta zane, tana kuma taimako wajen kashe ƙwayoyin cuta. A shanya bisa igiya a tsakiyar rana. Kada a shimfiɗa a ƙasa, ko bisa ciyawa, ko ƙarƙashin itace. Akwai wani ƙuda wanda Turawa su ke kira ƙudan mangwaro, yana son inuwa da ƙasa ko tufa mai laima da warin fitsari, nan ya ke zuba ƙwai. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta kan huda fata ta zauna ciki, sai a ga wani abu kamar maruru a gindin yaro ko bayansa, a yi ta neman dalili, ashe daga shanya ne. Maganinsa dutsen guga mai zafi, ciki da baya, ko na gawayi ne. Da damina, lokacin da tufafi su ke kwana ba su bushe ba, guga ta zama tilas. Dalilin da ya sa na ce dozin biyu ke nan, domin waɗansu suna igiya, waɗansu suna jiki.

Ga wani gargaɗi wanda na ke so kowane ɗalibi ya kai wa mutanen gidansu in an yi hutu. Kada a ajiye kayan jariri a akwati tare da kafur, watau fararen ƙwallayen nan da a ke sawa domin kyankyasai da asu. Akwai yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, waɗanda a ke haifa da wani rauni a jininsu, ba a kuwa gane shi da ido. Irin wannan yaro in ya shaƙi kafur, ko ya shiga ta fatarsa, ƙwayoyin jininsa su kan farfashe, shawara mai tsanani ta kama shi, idanu da jiki su yi rawaya. In ba a yi hanzarin kai shi asibiti ba, ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, ko ta yi kisa. Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna faɗin wannan. Kayan da aka riga aka ajiye da kafur, a wanke su, a shanya har warin ya fita sarai.

Game da ƙurajen gindi, yawancinsu daga daɗewa cikin jiƙaƙƙen ƙunzugu ne. Ƙwayoyin da ke cikin kashi su kan juya fitsari ya zama abu mai yaji wanda warinsa ke hawa hanci, shi ke cin fata. A sake nafkin da zarar ya jiƙe, a wanke gindin da ruwa mai ɗumi, 'ya mace daga gaba zuwa baya, a tsane, a shafa basilin ko man kaɗanya kaɗan. A bar yaro tsirara bisa tsumma mai tsabta na ɗan lokaci kowace rana ya sha iska. Wandon roba a sa shi in za a fita kawai, gama yana tara zafi. Kafin cibiya ta faɗi, a naɗe nafkin ƙasa da ita domin fitsari kada ya taɓa ta. In ƙurajen sun kwana uku ba su yi sauƙi ba, ko sun fara ruwa, sai asibiti. Bayan kowane canji kuma, a wanke hannu da sabulu.

Yanzu wani zai ce, malam, duk wannan da ka lissafa, ruwa nawa zai ci, itace nawa, wa kuma zai yi? Wannan ita ce tambayar gaskiya, kuma a kanta ne na fi so mu tsaya. Wankin yini ɗaya da ɗauraya uku zai ci bokiti uku ko huɗu. Macen da ta haihu jiya, ba ta barci da dare, tana ba da nono, in aka bar ta da jan guga da faskare da tafasa, lalle za ta rage wani abu, kuma ɗauraya ce za ta fara tafiya. Sa'an nan a ce ƙazama ce. Kakanninmu sun fi mu gane wannan. A al'adar Hausawa da maƙwabtansu da yawa, tun kafin haihuwa miji ya kan tara itacen wankan jego, tsohuwa kuma ta zo ta zauna da maijego har kwana 40. Wutar da ta ke dafa ruwan wanka ita ce za ta tafasa nafkin, ba sai an hura wata ba. Amma yau malami ya kan ɗauki matarsa zuwa garin da aka tura shi aiki, nesa da uwa da kaka, a ɗaki ɗaya na haya. A nan babu tsohuwa sai shi. In ya sayi ragon suna da atamfa, amma ya bar randa babu ruwa, bai sauke nauyinsa ba. Ɗebo ruwa, da sayen sabulu da gawayi, da ɗaura igiya a inda rana ta ke, da guga da yamma, duk namiji yana iyawa, ba kuwa abin da zai ragu a girmansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka.

Mu kuma masu shirin zama malamai, muna da wata dama wadda likita ba shi da ita. Likita sai yaro ya kamu ya ke ganinsa, mu kuwa yayyen jariran nan suna gabanmu kwana biyar a mako. Yarinyar aji biyar ita ce mai goyon ƙanenta in ta koma gida, sau da yawa ita a ke aika ta zubar da ruwan wanki. In lokacin darasin tsabta ya yi, mu kawo bokiti da sabulu da tsumma cikin aji, mu nuna da hannu, mu sa yara maza su yi tare da mata. Mu gaya musu dalilin kowane abu, domin abin da yaro ya san dalilinsa shi ya ke riƙewa, shi kuma ya ke faɗa wa uwarsa. Itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nemi wata ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ta zo ta nuna mana wannan aiki kafin mu fita koyon koyarwa, maza da mata duka a zaure ɗaya. Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, ina fata ya rubuto wa Edita mu ji a fitowa ta gaba.