Raddi ga masu cewa ƙarin albashi shi ke kawo tsada

  

Wannan takarda ta fito daga unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi zuwa ga malamai da almajiransu na ƙasar Gwandu da ƙasar Argungu. Dalilin rubuta ta wata magana ce da ta yawaita cikin zauruka da bakin kasuwa, har waɗansu masu ilmi sunka ɗauka suna maimaitawa gaban almajirai, wai ƙarin albashin ma'aikata shi ke kawo tsadar abinci, wai da ma'aikaci ya yi shiru da mudu bai tashi ba. Ni kuwa na ce magana ce ɓatacciya, kuma ga hujjata da shekara da lissafi. Wanda ke da wadda ta fi ta, shi kawo mu gani.

Ku sani, ya 'yan'uwa, sababi shi ke gabata, abin da ya haifa shi biyo baya, ɗa ba shi riga ubansa zuwa duniya. To, mu duba wane ne ya riga wani, albashi ko tsada.

A 2019 anka yanka mafi ƙarancin albashi naira 30,000, ya zauna nan shekara biyar bai motsa ba. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta kai wajen 500 cikin kwanaki kaɗan, a watan Yuli ta wuce 600. A watan Yuni na shekarar anka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta auna hauhawar farashi 22 cikin 100 a Mayu 2023. Kafin Yuni 2024 ta kai 34, ta abinci kuwa ta wuce 40. Duk wanga abu ya auku mafi ƙarancin albashi shina nan 30,000. Sai a ƙarshen Yuli 2024 anka sa hannu ga dokar naira 70,000, sa'an nan a watan Oktoba Gwamna Nasir Idris ya amince da 75,000 ga ma'aikatan Jihar Kebbi. Ku gaya mini, yaya abin da ya zo a baya za shi haifi abin da ya riga shi da wata goma sha huɗu?

Mu mutanen fadama ba mu bukatar a karanta muna wannan daga Abuja. Mai noman rani a gefen gulbin Rima injin ban ruwansa fetur shike sha. Taki da maganin feshi sun tashi da tashin dala. Motar da ke ɗauko buhu daga Argungu zuwa Birnin Kebbi mai take sha, ita ma. Kowane ɗaya cikin waɗannan shina shiga cikin mudun shinkafa tun ba ta isa kasuwa ba, kuma babu albashin kowa a ciki.

Idan anka ce: to, ina ka bar Udoji? Sai in ce gaskiya ne, bayan hukumar Jerome Udoji ta ba da rahotonta a 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, hauhawar farashi ta wuce 30 cikin 100 a 1975. Amma wancan ƙari ya game manya da ƙanana, anka biya shi da bashin watanni a dunƙule, lokacin da kuɗin mai sunka cika ƙasa, kaya kuwa na maƙale a tashar jiragen ruwa ta Legas. Can kuɗi sunka yi yawa, kaya sunka yi kaɗan. Nan kuwa naira 30,000 ta 2019 ta fi dala 80, naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Wanda anka rage wa bai zama mai ambaliya da kuɗi cikin kasuwa ba. Ƙiyasi ba shi inganta sai illa ta zama ɗaya, almajiri na farko ma ya san haka.

Idan anka ce: ai 'yan kasuwa da sun ji labarin ƙari sai su ƙara kuɗin kaya. Sai in ce ana yin haka, laifin kuwa na mai ƙarawa ne, shi ya kamata a yi wa wa'azi. Kuma irin wannan ƙari ba shi daɗewa idan kaya sun wadata. A 2025 farashin shinkafa da masara ya sauko har manoma sunka yi kuka, alhali ba a rage wa ma'aikaci ko kwabo ba. Da albashi ne ke riƙe da farashi, da bai sauko ba.

Sa'an nan ku duba su nawa ne masu albashin. Dokar 2019 ba ta hau kan mai ma'aikatan da ba su kai 25 ba. Manomi da masunci da makiyayi da malamin allo ba su cikinta, su ne kuwa mafi yawan jama'ar ƙasarmu. Na san kukan malamin allo, tsada ta same shi, ƙari bai same shi ba. Kukansa gaskiya ne. Amma malamin firamare da masinja da mai shara ba su ne sunka cire tallafi ba, ba su ne sunka karya naira ba. Kada a bar jaki a bugi taiki.

Saboda haka ina roƙon malamai su bar faɗin wannan magana, domin amfaninta ɗaya ne, ta ba mai hana lebura haƙƙinsa uzuri. Dokar 2024 ta ce a sake duba albashi kowace shekara uku. Mu taru mu nemi a cika wannan alkawari a kan lokacinsa, ƙarin shi kai ga ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare cikakke, a kuma sauƙaƙa wa mai noman fadama kuɗin ban ruwa da taki, domin daga nan araha ke fitowa. Almajiri kuwa idan ya ji ana danganta wani abu ga wani, shi tambayi wane ne ya riga, shi nemi shekara da adadi kafin shi gaskata.

Allah shi sawwaƙe muna, shi ba mu damina mai albarka. Haza wassalam.