Sayen ƙaramar kwamfuta mai araha bayan an daina kula da Windows 10: abin da ke kan mai saye da mai sayarwa

Tambaya:

Malam, ina koyarwa a makarantar Islamiyya, kuma ina buƙatar ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka don aika imel, shiga intanet da karanta littattafai. Kuɗina kaɗan ne. A kasuwa na ga ta hannu mai araha sosai, amma wani ya ce min irinsu sun "mutu" tun bara ko bana. Wani kuma ya ce in ci bashi a manhajar waya in sayi sabuwa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma me shari'a ta ce?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai mai tambaya, da kai mai karatu, namiji ko mace, asalin saye da amfani da wannan na'ura halal ne, hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita. Yau cike takardar neman aiki, rajistar makaranta da jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ake yin ta gaba ɗaya a kwamfuta, duk sun sa ta zama buƙata ga gidaje da yawa. Sai dai kasuwarta ta sauya a 'yan shekarun nan, kuma wanda bai san sauyin ba zai iya zubar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Da yake galibin waɗannan na'urori daga waje ake shigo da su, sabuwa ta fi ƙarfin talaka, sai jama'a suka koma ga ta hannu, a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, shekara goma bayan fitowarta. Ya bar wata ƙofa ta ƙarin shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajistar hakan.

Wanda ya ce maka sun mutu ya yi ƙari. Kwamfutar za ta kunnu, za ta yi aiki. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke aikowa ta intanet duk wata, masu toshe kafofin da ɓarayin intanet ke gano wa. Misalinta kamar gida ne da mai gadinsa ya ajiye aiki, katanga na nan, amma duk ramin da aka haƙa babu mai cike shi. Kai kuwa imel da intanet kake nufi, watau daidai wurin da haɗarin yake, musamman in za ka riƙa shiga asusun banki.

Magajiyarta, Windows 11, ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko makamanciyarta ta AMD. Saboda haka ma'aikatu da kamfanoni a Turai da Amurka suna fitar da tsofaffin na'urorinsu, wasu kuma suna ƙarewa a kasuwanninmu. Wannan yana daga cikin dalilan arahar da ka gani. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A nan ne hukunci ya shigo. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ke cikin babin ciniki na Risalar Ibn Abi Zaid, sun haramta algus da ɓoye aibi, kuma ƙa'idarsu ita ce duk abin da mai saye zai ƙi da ya sani, ko zai rage kuɗi saboda shi, wajibi ne a bayyana masa. Tsufan na'ura shi kaɗai ba aibi ba ne, tunda an san ta hannu ce. Amma ɗan kasuwar da ya ɗora Windows 11 ta ɓarauniyar hanya a kan na'urar da ba ta cancanta ba, sannan ya yi shiru don a ɗauka ta zamani ce, ya yi algus. Haka wanda ya san batir ya mutu ya riƙa gwada ta a jikin caja, ko ya ce bai taɓa buɗe ta ba alhali an yi mata gyara. Idan mai saye ya gano aibin da aka ɓoye masa, yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Rubutun "ba a mayar da kaya" a jikin rasit ba ya wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Ku ji tsoron Allah, ya ku 'yan kasuwa, ribar da aka samu ta jahilcin malamin makaranta ko bazawara ba ta da albarka.

Kai kuma mai saye, ka sayi gwargwadon buƙatarka. Imel da karatu ba sa neman na'urar masu haɗa fim, kuma Alƙur'ani ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i. Amma sayen abin da zai zama shara bayan wata shida shi ma tozarta dukiya ne. Ga abin da za ka duba:

Na ɗaya, zubin ƙwaƙwalwar. Ka sa a buɗe maka bayanin na'urar ka gani da idonka, kada ka dogara da takardar da aka manna. Idan ka ga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubi, watau na takwas. Idan 6 ko 7 ce, ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su, in ban da 'yan ƙalilan. Zubi na goma zuwa sama lamba biyu ne, kamar 10 ko 11.

Na biyu, RAM ta kai giga 8. Giga 4 za ta tashi, amma za ta riƙa ja da zarar ka buɗe shafuka da yawa. Ma'ajiyar kuma ta zama SSD mai giga 128 ko 256. Ka yi hattara da sababbin ƙanana masu ƙyalli da ma'ajiyarsu giga 32 ce ko 64, galibi a manne take, ba a iya ƙara ta. Sau da yawa ta hannu irin ta ofis, kamar ThinkPad, Latitude ko EliteBook, ta fi su ƙarko da sauƙin samun kayan gyara.

Na uku, batir. A ƙasar da wuta ba ta tsayawa, shi ne rabin kwamfutar. Ka cire caja ka yi aiki da ita kana kallon yadda yake sauka. Ka gwada kowane madanni, da kyamara, da shiga intanet.

Na huɗu, ka nemi sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki, wanda shari'a ta halatta, a rubuta shi a rasit tare da lambar na'urar.

Idan kuɗinka bai kai zubi na takwas ba, babu laifi ka sayi tsohuwa da saninka, a farashinta na tsohuwa, a ɗora maka Linux Mint ko ChromeOS Flex. Duka biyun kyauta ne, ana ci gaba da kula da tsaronsu, kuma sun wadatar ga imel da karatu. Wannan ya fi maka manhajar sata, domin Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mallakar fasaha abin kiyayewa ne a shari'a.

Idan wani ya tare ka a hanya da kwamfuta a rabin kuɗinta, babu caja, babu rasit, ko tana kulle da kalmar sirrin da bai sani ba, ka bar ta. Sayen abin da ka sani, ko zatonka ya rinjaya, cewa na sata ne haramun ne, kuma taimako ne a kan zunubi. Ko da ka biya, ba ta zama taka ba, mai ita yana da haƙƙin karɓar abinsa.

Amma bashin manhajar waya, wanda za ka karɓi kuɗi ka mayar da ƙari, riba ce tsantsa, kuma buƙatar kwamfuta ba ta kai lalurar da za ta halatta ta ba. Abin da ya halatta shi ne mai shago ya sayar maka da biya kashi-kashi, ko da ya ɗara farashin hannu da hannu, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya da lokacin biya tun wajen ƙulla ciniki, kuma babu ƙarin tara in ka yi jinkiri. Haka majalisar da muka ambata ta zartar a Jidda a 1990. Ku rubuta bashin kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta shiryar. Adashi tsakanin abokan aiki shi ma hanya ce mai tsabta.

Daga ƙarshe, in ka tarar da hotuna ko takardun mai ita na farko, amana ce ta faɗo hannunka. Kada ka bincika, kada ka yaɗa, ka sa a goge su gaba ɗaya. Kuma in ta shiga gidanka, ka sa ido a kan abin da yara ke buɗewa, domin za a tambaye ka game da kiwon da aka ba ka.

Allah Ya sa ta zama sanadin ilimi mai amfani da arziki na halal. Allah ne Mafi sani.