Sanarwar Bayan Taron Masu Shaguna, 'Yan Sari da Direbobin Dakon Kaya na Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Mu masu shaguna da 'yan tireda da 'yan sari na ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, tare da direbobi da masu motocin da ke yi mana dakon kaya, da 'yan kamasho na tashoshinmu, mun yi zaman yini guda a garin Ƙauran Namoda a kan yadda kaya ke tasowa daga hannun manyan diloli har su iso kan kanta, da yadda muke riƙon su bayan sun iso. An buɗe taro da addu'a ga 'yan uwanmu 'yan kasuwa da direbobi da yaran mota da suka rasa rayukansu a kan hanya suna neman halaliyarsu, da waɗanda har yanzu suke hannun 'yan bindiga. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya kuɓutar da na tsare.

Dattawan taro sun fara da tuna mana cewa fatauci ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda, kuma a da a nan ake tara gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar nan a loda su zuwa kudu, jirgin kuma ya juyo da gishiri da kananzir da tufafi. Yau babu ko kwalin ashana da ke iso mana ta dogo. Sukari da madara da taliya da sabulu daga kasuwar Singa ta Kano, atamfa da shadda daga Kantin Kwari, duk a kan taya suke zuwa, su bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, su wuce Kasuwar Daji su shigo Ƙaura. Daga nan ne hanya ke rabuwa: wata ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi, har Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato, wata ta nufi Zurmi da Gurbin Ɓore zuwa Jibiya. Kowa a zauren ya san abin da waɗannan sunaye ke nufi ga direba a shekarun nan.

Taro ya waiwayi abubuwan da suka faɗa wa kasuwancinmu a jere. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka jima ba a buɗe ba sai Disambar 2020. A watan Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka da safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin fetur, kuɗin mota ya tashi bai sake sauka ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli kuma aka sake rufe iyakar da Zurmi da Shinkafi ke kallo. Ba mu taru don yin ƙorafi a kan waɗannan ba. Abin da muka lura da shi shi ne, a kowane karo, wanda ya fi saurin farfaɗowa shi ne wanda ya san adadin abin da ke sitonsa, da abin da ke hanya, da abin da ake bin sa, da abin da yake bi. A lokacin da babu waya, wanda lissafinsa duka yana cikin saƙonnin waya ko cikin kan yaronsa ya sha wahalar da ba ta zama dole ba.

Don haka maganar da ta fi cin lokaci ita ce ta littafin kaya. An kawo misalin shagon da kowa ya sani, domin irinsa ne yawancinmu ke da shi: katan-katan na madarar gwangwani an jibge su har rufi, sabon lodi ya zo an ɗora a gaba saboda 'yan dako na sauri, tsohon yana can baya jikin bango inda damina ke jiƙawa. Mai shago yana ganin shago cike, ransa ya yi fari, ya ɗauka jari na nan. Sai ranar da aka ja kayan gaba, a tarar gwangwani ya kumbura, kwanan watan da ke jikinsa ya wuce, ɓera ya huda buhun fulawa, omo ya dunƙule. Wannan asara ba ɓarawo ya jawo ta ba, ba kuma hanya ba. A aljihun tebur kuwa ga kuɗin ciniki a haɗe da kuɗin cefane, da na gudummawar biki, da na uban ɗakin da ya ba da kaya bashi daga Kano, ba a san ina uwar kuɗi ta tsaya ina riba ta fara ba.

Wasu daga cikin iyayenmu sun nuna rashin gamsuwa. Sun ce sun shekara talatin, arba'in suna kasuwanci da amana da riƙon ƙwaƙwalwa, kuma sa yaron shago ya rubuta kowane kwali tamkar ce masa ne ba a yarda da shi ba. An saurare su da girmamawa, domin amanar tasu ce ta gina kasuwannin da muke ci. Amma malaman da ke cikinmu sun tunatar cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, kuma ba ta keɓe shi ga waɗanda ake zargi ba. Sun ƙara da cewa ɗan kasuwa mai jujjuya kaya, a mazhabarmu ta Malikiyya, yana ƙiyasta kayan shagonsa sau ɗaya a shekara ya haɗa da kuɗin hannu ya fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in. Wanda bai san abin da ke sitonsa ba, da me zai ƙiyasta? A ganin taro, rubutu kariya ce ga yaron shago kafin ta zama ga maigida, domin yara da yawa an kore su da sunan sata a kan kayan da tun farko ba su iso cikakku ba.

An amince kowane mamba ya buɗe littafi, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi masa sauƙi. A rubuta abin da ya shigo da ranar shigowarsa da kuɗin sarinsa haɗe da kuɗin mota da na dako, da abin da ya fita, da bashi da sunan mai shi. Wanda ke da manhajar lissafi a wayarsa ya ci gaba da ita, amma kada ta hana shi littafin takarda. A ƙirga kaya gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya a wata, kayan da ke saurin tafiya kuma kowane mako. Abin da ya riga shigowa shi zai riga fita, ko da hakan na nufin a sauke tsohon lodi kafin a jera sabo. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Duk abin ci ko sha ko magani da wa'adinsa ya wuce a fitar da shi daga shago. Taro ya haramta wa mambobinsa karya farashinsa a tura shi ƙauye, inda mai saye ba ya iya karanta kwanan wata. Wanda aka kama da wannan, mu da kanmu za mu kai shi gaban hukumar NAFDAC.

An yi muhawara mai zafi kan yawan kayan da ya kamata mutum ya ajiye. 'Yan Shinkafi da Zurmi sun ce su ba su da zaɓi: hanya na iya rufewa kwana da kwanaki, kuma garin da shagunansa ba su da ajiya yunwa ce ke biyo baya. Wasu suka ce jarin da aka binne a kaya ɗaya kwantai yake zama, ga haɗarin gobara da na hari, ga farashin da kan faɗo bayan an saro da tsada. Dukkan ɓangarorin biyu suna da gaskiya. Matsayar da aka tsaya a kai ita ce, kayan masarufi da ba sa saurin lalacewa, irin gishiri, sukari, sabulu, ashana, man girki da shinkafa, mai hali ya riƙe abin da zai kai shi mako biyu ko da mota ba ta shigo ba, ya kuma raba shi wuri biyu maimakon sito ɗaya. Sauran kaya a bi lokacinsu, wanda littafin bara zai nuna: sukari da madara da dabino gabanin azumi, yadi da takalma gabanin Sallah, taki da maganin feshi kafin ruwa ya sauka, buhunan zuba hatsi da kaka. Sai dai taro ya ja layi tsakanin ajiya da ɓoye kaya. Wanda ya kulle sito ranar da hanya ta toshe yana jiran farashi ya ninka, alhali maƙwabtansa na nema, ya aikata abin da shari'a ta hana, kuma ba ya cikinmu.

Da aka ba direbobi dama, sun faɗi abin da ya kamata kowane mai shago ya ji. Direba kan yini a tasha a Kano yana jiran mai kaya ɗaya da bai gama ciniki ba, har lokacin da ya dace a bi hanya ya wuce, dole a kwana ko a yi kasada. Akan ɗora masa lodin da ya fi ƙarfin motarsa, taya ta fashe a wurin da ba a son tsayawa. Yakan biya a shingaye barkatai daga aljihunsa. Ya sauke kaya a Zurmi ko Shinkafi ya koma wayam, man dawowa a wuyansa. In kuma katan ɗaya ya ɓace, shi ne ɓarawo, ko da ba a ƙirga kayan a gabansa ba. Masu kaya su ma sun kawo nasu: kwalaye da aka farke aka zare kaɗan aka liƙe, jarkar man gyaɗa da aka ɗora a kan buhun sukari, da direban da ke kashe waya yini guda.

A nan aka cimma abin da muke ganin shi ne babban amfanin zaman. Daga yanzu kowane lodi zai taso da takardar kaya mai kwafi uku: ɗaya ga wanda ya loda, ɗaya ga direba, ɗaya ga ɗan kamashon tasha, a kuma tura hotonta ga mai kaya idan akwai sabis. A ƙirga a gaban direba wajen lodi, a sake ƙirgawa a gabansa wajen saukewa kafin ya tayar da mota. Bayan an sa hannu babu sauran magana. Abin da ya lalace saboda sakacin ɗauri ko rashin tamfol, mai mota zai biya. Abin da 'yan bindiga suka ƙwace ko haɗarin da ba ganganci a cikinsa, ba za a ɗora wa direba ba, kuma kuɗin motarsa na nan. Saɓani zai fara zuwa gaban kwamitin sulhu mai wakilan masu kaya da na direbobi daidai wa daida, tare da shugabannin NURTW da NARTO na yankin, kafin a je kotu.

An kuma amince ƙananan 'yan tireda su riƙa haɗa sari su cika mota ɗaya, maimakon kowa ya tafi Kano ko Gusau da kansa ɗauke da kuɗi a jiki. 'Yan kamasho za su nemo wa motocin lodin komawa, gero ko dawa ko wake zuwa kasuwar Dawanau ta Kano, musamman daga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, domin motar da ta samu kaya zuwa da dawowa ita ce ke iya rage kuɗin dako. Biyan kuɗi ya zama ta banki duk inda zai yiwu, kuma kada a saki kaya a kan hoton rasit sai kuɗi sun shiga asusu.

Abu ɗaya taro ya ja kunne a kansa da babbar murya: ranar tashin mota, da irin kayan da ta ɗauko, da hanyar da za ta bi, sirri ne tsakanin mai kaya da direba da ɗan kamasho. Kada a faɗe shi a majalisa ko a teburin mai shayi, kada a sa shi a zauren WhatsApp. An yi asarar rayuka ta dalilin kalma ɗaya da ta faɗa kunnen masu kai wa 'yan bindiga rahoto.

Taro na roƙon Gwamnatin Jihar Zamfara ƙarƙashin Gwamna Dauda Lawal da rundunonin tsaro, har da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a watan Janairun 2024, su tsara rakiya mai tsayayyen lokaci ga motocin kaya a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi, musamman ranakun kasuwa, a kuma rage shingayen da ba na tsaro ba. Idan wani matakin tsaro zai shafi kasuwa ko fetur ko waya, muna roƙon a sanar da shugabannin 'yan kasuwa gwargwadon yadda tsaro zai bari, don a shigo da abinci da magani tukuna. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya su dawo da jigilar kaya a layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Muna neman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda ke garin nan tun 1983, ta shirya wa yaran shagunanmu gajeren horo da Hausa kan riƙon littafi da kula da sito. Muna kuma neman iyayenmu sarakuna na Ƙauran Namoda, Shinkafi, Zurmi da Moriki su sa albarka a wannan tsari, limamai su taya mu bayyana shi a masallatai.

Zama na gaba a Shinkafi za a yi shi, na bayansa a Zurmi. Kowane mamba ya zo da littafinsa, kowane direba ya zo da kwafin takardun lodin da ya ɗauka. Waɗanda ba su samu halarta ba, muna roƙon shugabannin layuka da na tashoshi su karanta musu wannan sanarwa, su kuma fara aiki da ita daga lodin farko da zai taso bayan yau.

Allah Ya tsare hanyoyinmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya dawo da zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya. Amin.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Wakilin Direbobi da Masu Motoci
Sakataren Taro