A Ba 'Ya'yanmu Makarantar Da Za Ta Haɗa Alƙalami Da Sana'ar Hannu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwance dilar atamfa a Kuseri ko Amcide, ko a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, ya san abin da ke sa turmi ɗaya ya ninka ɗan'uwansa kuɗi sau biyar ko fiye. Auduga dai auduga ce, tsawon turmi kuma ɗaya ne, amma mace za ta tsallake turmi goma ta ɗora hannu a kan ɗaya saboda zanensa da sunan masu yin sa. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond na ƙasar Holan ya daɗe da gane haka, shi ya sa yake ajiye masu zane yana biyansu albashi. Mu kuwa a nan, manomanmu na Mayo-Kani da Binuwai su ne ke shan rana su noma audugar su sayar wa Sodecoton, mafi yawanta ta fita waje ɗanya, ta dawo mana da zanen wasu, mu kuma mu yi ta dakonta a kan 'yar riba.

Haka labarin fata yake. Kowa ya san Marwa da majemanta da dukawanta, waɗanda takalmansu da jakunkunansu suka yi suna a duk faɗin Kamaru. Shekara da shekaru babban cinikinsu yana hannun Turawa 'yan yawon buɗe ido masu zuwa gandun dajin Waza da duwatsun Rumsiki. Idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2013 ne 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza, tun daga lokacin kuma ƙafar baƙi ta ɗauke. Dukawa suka wayi gari da kaya jibge babu mai tayawa. Ba ƙwarewa suka rasa ba, domin hannunsu bai canza ba. Abin da yawancinsu suka rasa shi ne ilimin da za su nemo sabuwar kasuwa da shi: yadda za a fito da sabon samfuri, a ƙididdige tsada da riba, a rubuta wa mai saye na Duwala ko Legas ko Faransa wasiƙa da harshen da yake ji, a ɗauki hoton kaya a tallata shi ta intanet.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tayar da maganar da ba a cika yin ta ba a yankinmu, wato buƙatar makarantar sakandare ta gwamnati, wadda muke kira lise, da za ta koyar da fasaha sosai, kuma a lokaci guda ta shirya yaro ya ci jarrabawar BEPC da Probatoire da Bakaloriya kamar kowane ɗalibi, har ya shiga jami'a.

Kamar yadda iyaye suka sani, da zarar yaro ya gama firamare hanyarsa take rabuwa. In ya shiga lise ta karatu zalla, to zane da kiɗa da aikin hannu ba su wuce 'yar sa'a ɗaya da ake cike gurbi da ita ba, sau da yawa ma babu malamin. In ya shiga makarantar koyon sana'a, abin da ya fi samu shi ne gini da kafinta da wutar lantarki da ɗinki. In kuwa ubansa ya ga yana da hannu, sai ya cire shi daga aji gaba ɗaya ya kai shi wajen maigida, a nan zai iya aikin amma ya tashi babu takarda. Sakamakon haka muna da masu takarda da ba su iya ƙera komai ba, suna jiran aikin gwamnati da ba ya zuwa, muna kuma da gwanaye da ba sa iya karanta takardar yarjejeniyar da ake sa su dangwala wa hannu.

Irin makarantar da muke magana ba mafarki ba ce. A birnin New York na Amurka, tun a 1936 magajin garin na lokacin, Fiorello LaGuardia, ya kafa makarantar gwamnati ta kiɗa da zane, wadda daga baya aka haɗe ta da wata ta wasan kwaikwayo da raye-raye, suka koma gini ɗaya a 1984 da sunansa. Ba a biyan kuɗin makaranta, amma ba a shiga sai an gwada baiwar yaro an kuma duba sakamakon karatunsa. Ɗalibi yana ɗaukar lissafi da kimiyya da tarihi da harsuna cikakku, sannan ya ƙara da wasu sa'o'i kullum a ɗakin koyon fasaharsa. Ba duka ne ke zama mawaƙa ko masu zane ba, da yawa wasu fannoni suke bi a jami'a.

A nan gida ma akwai abin misali. A Mbalmayo, kudu da Yawunde, wata ƙungiya ta ƙasar Italiya ta kafa makarantar da aka sani da IFA, inda yara ke koyon zane da sassaƙa da ginin tukwane har su kai ga Bakaloriya. Sai dai makarantar ta kuɗi ce, kuma tsakaninta da mu akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Wane mai tireda ne a Mindif zai iya tura ɗansa can? Haka kuma a 2018 Ma'aikatar Ilimin Sakandare ta sake fasalin sassan karatu na manyan azuzuwa, ta shigar da sashen fasahar shirya fim a cikinsu. Ke nan doka ta riga ta buɗe ƙofa, abin da ya rage shi ne a kawo abin inda muke.

Abin mamaki ma, an riga an yi mana saman ginin. An kafa Jami'ar Marwa a 2008, aka kafa ta Garwa a watan Janairun 2022, kuma cikin sassan ta Garwa akwai cibiyar koyar da fasaha da ƙirƙira, irin waɗanda ke Fumban da Nkongsamba a kudu. Amma ba a shiga waɗannan wurare sai da Bakaloriya da cin jarrabawar gasa. Yaron da ya iya aikin ba shi da takardar, mai takardar kuma bai taɓa riƙe abin zane da gaske ba. An gina bene an manta da matakala. In aka bar abin haka, za mu zuba ido 'ya'yan wasu yankuna su cike kujerun da aka kawo ƙofar gidanmu, sannan mu dawo muna kukan an ware mu.

A ganinmu Mindif wuri ne da ya dace a fara gwajin. Tsakaninta da Marwa kimanin kilomita 25 ne kawai, saboda haka malaman jami'a da manyan masu sana'a na Marwa za su iya zuwa su koyar su koma a rana ɗaya. Ƙasar kiwo ce da noman auduga, fata da zare ba sai an nemo su daga nesa ba. Tana kuma nesa da bakin iyakar da rikici ya sa aka rufe makarantu da dama a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-da-Shari. Garin da duk Kamaru ta san shi da dutsen nan nasa mai kama da haƙori, bai kamata a ce dutse kaɗai za a san shi da shi ba.

Ba muna cewa sai an zubo miliyoyin sefa an yi sabon gini kafin a fara ba. A buɗe aji ɗaya a makarantar da ake da ita, a ware ɗaki biyu na aiki, a fara da abin da ƙasar ta iya: zane da tsara kaya, aikin fata, saƙa da rini da surfani, sai ɗaukar hoto da haɗa fim. Amma akwai sharuɗɗa da in aka yi wasa da su gara ma kada a fara. Na farko, kada a rage wa waɗannan yara ko sa'a ɗaya ta lissafi da Faransanci da Ingilishi, domin ranar da aka mayar da ajin fasaha juji na waɗanda suka kasa karatu, ranar ce ya mutu. Na biyu, shiga ta kasance ta hanyar gwaji a bainar jama'a, ban da ɗan wane da cin hanci. Na uku, a ɗauko tsofaffin gwanaye na majema da masaƙa su koyar tare da malaman boko, a biya su haƙƙinsu da mutunci, ko da ba su da takarda. Na huɗu, a ware wa 'yan mata gurabe, domin su ne aka fi saurin cirewa daga aji, alhali su ne ke da rabin sana'ar hannu a gidajenmu.

Mun san za a ce ai azuzuwanmu sun cika maƙil, malamai ba su isa ba, wasu ma iyaye ne ke biyansu, ina ake ta zane? Gaskiya ne, kuma ba za mu daina kira a kan wannan ba. Amma a tambayi kowane uba dalilin da ya sa yake cire ɗansa a aji uku ko huɗu na sakandare, amsar ɗaya ce: bai ga abin da yaron zai ci da wannan karatu ba. Makarantar da yaro zai fito daga cikinta da takarda a hannun dama, sana'a a hannun hagu, ita ce za ta rage wannan ficewa.

Wasu kuma za su ce fasaha aikin maroƙa ne da 'yan nanaye, ɗan mutunci ba ya yin ta. To su duba zayyanar da alarammomi ke yi wa Alƙur'ani da alluna, su duba aska takwas a ƙirjin babbar rigar da suke sawa ranar Sallah, da hular da ke kansu. Duk wannan fasaha ce. 'Yan kasuwarmu da ke mu'amala da kuɗin Nijeriya su juya takardar Naira 20, za su ga hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Matar ta koyi aikin ne a ƙauye, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja a 1954, kayanta suka kai har Ingila, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Haka finafinan Hausa na Kano, waɗanda tun daga Turmin Danya na 1990 suka zama kasuwar da ke ciyar da dubban mutane, mu nan 'yan kallo ne kawai. Maganar tarbiyya kuwa, yaron da ya koya a gaban malami da sanin iyayensa ya fi wanda ya koya a ɓoye daga wayar salula.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilimin Sakandare, da Majalisar Yankin Arewa Mai Nisa da aka fara zaɓa a watan Disambar 2020, da hukumar garin Mindif, da mai martaba Lamiɗo, da su zauna su duba wannan batu. Amma kiranmu mafi girma gare ku ne 'yan kasuwa. Gwamnati ba ta cika kawo abin da ba a nema ba, kuma ɗan da bai yi kuka ba ba a ba shi nono. Ku tayar da maganar a taron ƙungiyar iyayen yara da malamai, ku sa shugabannin kasuwa su rubuta takarda su kai wa hukuma. Mai sayar da keken ɗinki ya ba da ɗaya, dillalin fata ya ba da fata, mai shago ya yi alkawarin karɓar ɗalibi lokacin hutu ya koya masa ciniki. Sannan wanda Allah Ya ba ɗa mai hannu, ya daure ya bar shi a aji har ya kai ƙarshe.

Mun shekara da shekaru muna dakon kayan da wasu suka zana, muna jure zafin hanya da shingayen jami'an tsaro a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba. In muka tsaya tsayin daka, ba abin mamaki ba ne wata rana ɗan kasuwar Mubi ko Injamena ya zo neman takalmi da yadin da ɗan Mindif ya tsara, ya biya kuɗin da mai kaya ya yanka.

Allah Ya sa masu iko su ji, Ya kuma yi wa 'ya'yanmu albarka.