Ba kowace faɗuwa ce ta iska ba

Jama'a, akwai mutumin da kan tashi da safe, kafin ya karya kumallo sai gumi ya keto masa, jikinsa ya kama rawa, ya shiga sambatu, wani lokaci har ya suma. Da an ba shi kunu mai sukari sai ya dawo hayyacinsa. Mu kuwa mukan ce iskoki ne ko farfaɗiya, mu yi ta kashe kuɗi wajen turare da layu.

Sau da yawa sukarin jini ne ya yi ƙasa. Wannan ya fi samun masu shan maganin ciwon sukari. Amma akwai wani dalili wanda ba kasafai ake gani ba. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira pankireyas, ita ke fitar da insulin mai rage sukari a jini. Wani ƙaramin ƙari, kamar ƙwayar gujiya, yakan tsiro a cikinta ya riƙa zubo insulin fiye da kima. Sunansa insulinoma. A cikin mutum miliyan 1, bai fi kamar mutum 4 yake kamawa a shekara ba. Kashi 90 cikin 100 ba kansa ba ne, kuma in an cire shi mutum yakan warke sarai.

Tun 1938 wani likitan Amurka, Allen Whipple, ya nuna alamu 3: ciwon ya taso, awo ya nuna sukari ya faɗi, sannan shan sukari ya kawo sauƙi. Awon farko ɗigon jini ne daga yatsa, a daidai lokacin da abin ya taso. Sauran binciken, wato awon insulin da hoton ciki, aikin manyan likitoci ne, kamar na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ko na Lamorde.

A ganinmu, kowace ƙaramar likita ta cancanci na'urar awon sukari da takardunta. Mu kuma da muka koyi rubutu, mu riƙa rubuta ranar da abin ya faru, da lokacin, da abin da mutum ya ci, mu miƙa wa likita. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a gaggauta kai shi likita.